Haɗa sabar intanet da kwamfutar lissafin kamfani: arahar da ke jawo asara

A watan Yulin 2025 Microsoft ya sanar cewa masu kutse suna shiga sabobin SharePoint da kamfanoni da ma'aikatu ke ajiye da su a ofisoshinsu. Facin toshe ramin da suke bi ya fito cikin 'yan kwanaki. Tambayar da ta dame ni ita ce: wurare nawa ne suka iya kashe na'urarsu a ranar don su saka shi? Inda aka ɗora sabar yanar gizo a kan kwamfutar da ke riƙe da albashi, kayan sito da bashin abokan ciniki, amsar a bayyane take. Ba su iya ba.

Wannan ɗabi'a tana yaɗuwa, kuma kuskure ce. Shugaban kamfani yana son abokan ciniki su riƙa duba asusunsu ta waya, sai a ce wa ma'aikacin kwamfuta ya saka Tomcat, WebSphere ko IIS a kan na'urar da ake da ita, tunda akwai sauran wuri a cikinta. A Najeriya ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙara wa lamarin wuta, domin kowa ya koma neman hanyar karɓar kuɗi ta intanet.

Ana yawan ɗora laifin a kan kuɗi, wato tsadar sabuwar na'ura da lasisin da wasu kamfanoni ke lissafawa bisa yawan injinan sarrafawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Na'urorin biyu halinsu ya saɓa. Kwamfutar lissafi tana son a bar ta ta yi watanni ba a taɓa ta ba, kuma ba wanda zai yarda a kashe ta ana tsakiyar biyan albashi. Ita kuwa sabar yanar gizo tana fuskantar duniya dare da rana, don haka duk facin da ya fito dole a saka mata shi nan take, sau da yawa har da sake kunna ta. Idan aka haɗa su a na'ura ɗaya, ɗaya ce za ta yi haƙuri, kuma kusan kullum facin ne ake ɗagewa zuwa ƙarshen wata, daga nan zuwa bayan binciken kuɗi na shekara.

A Disambar 2021 da aka gano ramin Log4j, wanda ke cikin ɗimbin manhajojin Java, waɗanda suka ware sabarsu sun fi samun damar gyara ta da wuri. Waɗanda suka haɗa sai da suka nemi izinin sashen kuɗi tukuna.

Darasin kamfanin Equifax na Amurka ya fi ɗaci. Facin Apache Struts ya fito a watan Maris na 2017, ba a saka shi a shafin karɓar ƙorafin jama'a ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a lura ba sai ƙarshen Yuli. Da suka shiga sun tarar da kalmomin sirri a fili, kuma ba katanga tsakanin shafin da sauran rumbunan bayanai. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka salwanta, kamfanin ya amince da biyan har dala miliyan 700 a 2019. A can ma na'urorin daban-daban ne, shingen ne kawai babu. To ina ga wanda shafinsa da rumbunsa suke cikin akwati guda?

Ko ba kutse, akwai wahalar yau da kullum. Java tana cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai, rahoton da ake fitarwa cikin minti kaɗan sai ya koma ɗaukar lokaci mai tsawo, fayilolin tarihin aiki su cika faifai, akanta ya zauna yana kallon allo.

Masu kare haɗawar suna da hujja ɗaya da ba za a raina ba. Na'urori irin IBM i, magajiyar AS/400 ta 1988, an gina su ne don ɗaukar ayyuka da yawa, ana iya yanka wa kowane aiki nasa kason ƙwaƙwalwa, har a raba na'urar gida-gida. Haka ne. Sai dai wanda ya raba ta gida-gida ai ya riga ya ware sabar ke nan, kuma mafi yawan masu ɗorawa a gurguje ba sa yin hakan, ba su ma da na'urar gwaji.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai da suka saɓa mata, duk wanda ya fi yawa. Manajan da ke shirin sa hannu a kan aikin haɗawar ya kwatanta wannan adadi da kuɗin ƙaramar saba ta daban, a gwada manhajar a kanta tukuna, a kuma bar mata ƙofa ɗaya tak zuwa rumbun bayanai.