Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi

A garin Rawayya, cikin ƙasar Bunguɗu, aka haifi Salihu Jankiɗi, tun Turawa ba su ci Sakkwato ba a 1903. Gidansu gidan kiɗa ne, a nan ya tashi ya gaji kiɗa, ya zama makaɗin taushi, watau gangar nan ta fada wadda ake bugawa da hannu, ba a kuwa buga ta sai ga masu sarauta.

Malamai sun san maganar Shehu Usmanu game da kaɗe-kaɗen wasa, ya yi hani da su, ya bar tamburan yaƙi da na taron jama'a. Duk da haka fadar jikokinsa ba ta rabu da makaɗa ba, domin makaɗin fada shi ke riƙe da salsalar gidan sarauta a ka: wane ya haifi wane, wa ya ci wane gari, wa ya yi kyauta, wa ya yi rowa. In ya yabi sarki sai ya jero kakanninsa, in ya juya ga 'yan adawar sarki kuwa sai zambo, wanda ya sha shi ba ya mantawa.

Jankiɗi ya yi zama a Tsafe yana yi wa 'Yandoto waƙa, sunansa ya kai ko'ina a Zamfara. Daga baya ya koma Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya hau gado a 1938, aka naɗa shi Sarkin Taushi. Ya kuma waƙe Sardauna Ahmadu Bello.

Makarantarsa ba allo ba tawada. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, sa'an nan ya shiga sahun 'yan amshi, ubangida ya ja baiti su karɓa, yau da gobe har waƙa ta zauna masa daram. Mai hadda ya san wannan hanya, ko da yake abin da ake haddacewa ya sha bamban ƙwarai. Wanda ya yi tuntuɓe a gaban sarki kuwa, kunyar ta ubangidansa ce, don haka horon ba sassauci.

Allah ya ba shi tsawon rai, ya rasu a 1973. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihinsa da waƙoƙinsa a littafi guda mai sunansa.