Kwamfutar da ta ƙi tashi ba lallai ta mutu ba

Daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 birnin Wad Madani na Sudan yana hannun dakarun RSF, jama'ar Jazira da dama kuma suna gudun hijira. Da aka fara komawa gida, a Wad Haddad da ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu har zuwa Mai Wurno kusa da Sinnar, wanda kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta tsira daga wawashe yakan ciro ta daga maɓoya, ya danna maɓalli, ya ji shiru. Sai ya ce ta ƙone. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau, kuma a cikinta akwai binciken ɗalibin Jami'ar Jazira, ko lissafin gona, ko hotunan waɗanda suka rasu.

Abin zargi na farko shi ne batir. Batirin litiyam yana zubar da caji a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana gaggauta hakan. Idan ya shekara a ajiye, cajinsa kan yi ƙasa har na'urar kariyarsa ta hana shi karɓar wuta. A jona caja, a bar ta awa ɗaya ko biyu. In ba ta motsa ba, a zare caja, a cire batirin idan mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a gwada da caja kaɗai. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuwa, kada a sa masa wuta, domin yana iya kamawa.

Akwai kuma wani ɗan batir mai kamar kwabo a cikin kwamfutoci da yawa, mai ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin farko. Idan ya mutu, kwanan wata ya rikice, wata kwamfutar ma ta ƙi tashi. Kuɗinsa kaɗan ne. Idan fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, mai gyara ya zare RAM, ya goge, ya mayar.

Wadda ke tashi ta mutu bayan 'yan mintuna, yawanci zafi ne. A Afrilu da Mayu zafin Jazira yakan wuce digiri 40, ƙurar guguwar habub kuma tana toshe kafofin iska. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana kashe kanta in ta kusa digiri 100 don kada ta lalace. Maganin shi ne a share fanka, a sabunta man sanyaya ƙwaƙwalwar, a daina ɗora ta kan katifa.

Ƙin mutuwa idan an kashe ta kuma yawanci daga manhaja yake. Tun Windows 8 na 2012, kamfanin Microsoft ya sa tsarin saurin tashi, wanda ke adana wani ɓangare na aiki maimakon kashewa gaba ɗaya, don haka matsalar jiya takan kwana ta tashi da ita. A danne Shift yayin zaɓar kashewa, ko a kashe tsarin a saitin wuta. Danne maɓalli na daƙiƙa 10 yana kashe ta dole, amma kada ya zama ɗabi'a. Haka nan kada a fara sabunta Windows da mataccen batir a wutar janareto ko ta sola mai ɗaukewa, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin na iya hana ta tashi.

Babban haɗari shi ne gaggawar goge komai a sa sabon Windows. Ko da allon cikin kwamfuta ya ƙone, faifan ajiyarta kan tsira, kuma a yawancinsu ana iya cire shi a karanta a wata. Duk wanda zai kai tasa wajen mai gyara a Madani ko Sinnar, ya fara da sharaɗi ɗaya: a kwafe masa bayanansa a gabansa, sannan a taɓa sauran.