Launin Kwanon Rufi da Zafin Ɗaki

A da, wanda ya tashi rufe ɗaki da kwano ba shi da wani zaɓi na launi, domin langa-langa ce kaɗai a kasuwa, mai sheƙi tun tana sabuwa, wadda kuma takan rikiɗe ta koma jar tsatsa bayan ta sha damina da yawa. Yanzu kuwa, da dogon kwanon alminiyum ya wadata, wato wanda inji ke yankawa daidai da tsawon rufin, ga kuma kwano mai zubin tayil da wanda ake lulluɓa wa 'yan ƙananan tsakuwoyi, wanda masu sana'ar suka fi kira da sunan Gerard, sai ya zama dillali kan shimfiɗa wa mai gida samfurin launuka birjik ya ce ya zaɓa. Galibi ido ne ke yin zaɓen, ko kuma a kwaikwayi gidan wane da ke bakin titi, alhali kuwa launin rufi yana da hannu dumu-dumu a yadda ɗaki zai kasance a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano da Damagaram.

Dalilin hakan shi ne cewa duk hasken ranar da ya sauka a kan rufi, ko dai kwanon ya mayar da shi sama, ko kuma ya tsotse shi ya zama zafi. Farin fenti sabo yana mayar da kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan haske, ruwan madara da ruwan toka mai haske suna biye da shi, yayin da baƙi da shuɗi mai duhu da ruwan makuba suke tsotse mafi yawansa, har baƙin kan tsotse kusan kashi 90. Saboda haka ne da tsakar rana kwano mai duhu kan ɗauki zafin da ya wuce digiri 70, abin da ya sa kafintoci ba sa son hawa kansa bayan hantsi, alhali fari da ke kusa da shi zai iya yin ƙasa da haka da digiri 20 ko fiye. Wannan zafi yana sauka cikin sararin da ke tsakanin kwano da silin, daga nan ya ratsa zuwa ɗaki, inda bangon bulo zai riƙe shi har bayan sallar isha'i. Tsohon soron ƙasa mai azara ya fi ƙarfin wannan matsala saboda kaurin ƙasar da ke kansa, amma kwano bai kai kaurin milimita ɗaya ba, don haka launinsa ne garkuwarsa ta farko.

Akwai wani abu da kan ruɗi mutane game da kwanon da ba a yi wa fenti ba, domin ana ɗauka cewa sheƙinsa ya isa ya sa shi sanyi. Gaskiya ne yana mayar da haske tun yana sabo, sai dai tsuran ƙarfe ba ya saurin fitar da zafin da ya riga ya ɗauka, fenti kuwa yana taimaka wa kwano ya amayar da zafinsa cikin iska. Wannan ne ya sa kwano mai farin fenti kan fi langa-langa mai walƙiya sanyi, balle kuma idan sheƙin ya dusashe tsatsa ta fara ci.

Bayan zafi, ƙura ita ce abu na biyu, kuma a nan ne farin kwano yake da rauni. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zuba ta a kan kowane rufi, kuma babu ruwan da zai wanke ta sai damina ta faɗi. Fari tas yakan yi dauɗa ya rage ƙarfin mayar da haske, baƙi da shuɗi kuma ƙurar ta fi fitowa fili a kansu, su yi furu-furu tun gidan bai shekara ba. Launukan da suka yi kusa da launin ƙurar kanta, irin su ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske da ruwan toka, su ne ke ɓoye ta. Haka kuma rana tana cin fenti, kuma ja mai haske da shuɗi sun fi saurin koɗewa, musamman idan fentin mai arha ne irin na foliyesta, wanda bayan wasu shekaru idan aka shafa hannu a kansa sai a ga gari kamar alli. Fentin da ake kira PVDF ya fi jure rana, amma ya fi tsada, kuma ya kamata mai saye ya tambayi irin fentin kamar yadda yake tambayar kauri, wato ko milimita 0.45 ne ko 0.55, tunda dillalai da yawa ba sa faɗa sai an tambaya.

Batun kyau yana da muhallinsa, domin rufi mai tudu ana hango shi tun daga nesa, kuma ya kamata ya dace da fentin bango da na ƙofar gida. Sai dai a gidan da aka ja bango ya ɓoye rufin, kamar yadda ake yayi yanzu, babu wata hujja ta sayen launi mai duhu da ba mai ganinsa. Yana da kyau kuma a sayi kwanon gaba ɗaya a lokaci guda, har da na kan tudu da na kwana, saboda launi ɗaya kan ɗan bambanta daga wannan naɗi zuwa wancan, kuma bambancin ya fi fitowa bayan an kafa shi.

Wanda ya nace wa launi mai duhu zai iya rage illarsa ta hanyar shimfiɗa takardar alminiyum mai kare zafi a ƙarƙashin kwanon, da barin kafofin iska a saman silin, amma duk wannan ƙarin kuɗi ne a kan abin da launi mai haske yake bayarwa ba tare da ƙarin ko sisi ba. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, fanka da na'urar sanyaya ɗaki kuma suka dogara da janareta ko sola, ruwan madara ko ruwan toka mai haske ya fi dacewa da sabon gida.