Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara 'Yanci da Daidaito ta Hanyar Wasa da Aiki

A makarantun reno da na firamare a Amurka, watannin Janairu da Fabrairu ne lokacin da malamai suka fi taɓo zancen 'yancin ɗan ƙasa. Litinin ta uku a Janairu hutu ce ta tunawa da jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata Martin Luther King, wadda aka fara yi a 1986, Fabrairu kuma watan tarihin baƙaƙen fata ne. Abin da ke ɗaure wa malami kai a nan shi ne, yaro ɗan shekara huɗu ko biyar bai san kotu ba, bai san tsarin mulki ba. Amma idan aka raba alewa ya samu kaɗan, nan take zai ce an cuce shi. Idan abokansa suka ce masa "ba ma yi da kai", ya san zafin abin. Daga wannan sanin ne ake ɗora darasi, kuma ana ɗora shi ne da abin da yaro zai taɓa, ya yi, ya gani da idonsa.

Abin da yaro ya riga ya sani

Binciken masana halayyar yara ya nuna cewa jariri ɗan wata uku ya fi tsura ido ga fuskar da ta yi kama da ta mutanen da ya saba gani, kuma kafin shekara biyar yaro yakan fara kasa mutane gida-gida. Son adalci kuwa a hankali yake nuna. A 2008, Ernst Fehr da abokan aikinsa a Jami'ar Zurich sun ba yara 229 masu shekara uku zuwa takwas zaɓin yadda za a raba alewa tsakaninsu da wani yaro. Yawancin 'yan shekara uku da huɗu kansu kawai suka sani, amma 'yan bakwai da takwas sun fi son a raba daidai. Sai dai tare da son daidaiton, wata ɗabi'a ta bayyana: sun fi kyautata wa ɗan makarantarsu a kan baƙo. Ke nan adalci da son namu tare suke tasowa. Aikin malami shi ne ya faɗaɗa da'irar waɗanda yaro yake ɗauka a matsayin nasa.

Gwajin launin ido

Darasin da ya fi kowane suna a wannan fage shi ne na Jane Elliott, malamar aji uku a garin Riceville na jihar Iowa, inda ɗalibanta duka farar fata ne. Washegarin kashe King, ranar 5 ga Afrilu 1968, ta raba yaranta biyu bisa launin ido, ta ce rukuni ɗaya ya fi ɗayan basira da tsafta. A fim ɗin da aka ɗauka lokacin da ta maimaita darasin a 1970, an ga masu shuɗin ido sun samu ƙarin minti biyar na tara, masu ido ruwan ƙasa kuwa an ɗaura musu ƙyalle a wuya, an hana su kafa baki a famfon shan ruwa, an hana su wasa da sauran. Kafin a tashi, abokai sun ba hammata iska. Washegari ta juya lamarin. Yaran da suka ɗauki minti biyar da rabi suna karanta katunan haruffa a ranar da aka ƙasƙanta su, minti biyu da rabi suka ɗauka a ranar da aka ɗaukaka su.

Darasin ya nuna yadda wariya ke dushe basirar yaro cikin yini guda, amma masana da yawa a yau ba sa ba da shawarar a kwaikwaye shi. Dalili kuwa, kuka da wulaƙancin da yaran suka sha na gaske ne, kuma ƙaramin yaro ba ya iya raba wasa da gaske yadda babba ke yi. Binciken Rebecca Bigler na 1997 ya ƙara haske a kan haɗarin. An sa wa yara masu shekara shida zuwa tara riguna shuɗɗa da ruwan ɗorawa na tsawon makonni. A ajujuwan da malamai suka riƙa jera yara da kiransu da launin rigarsu, yaran sun fara fifita rukuninsu, ko da yake ba wanda ya ce musu wani launi ya fi wani. A inda malamai suka yi biris da rigunan, fifikon bai yi ƙarfi ba. Wato yawan raba aji gida biyu kaɗai ya isa ya shuka bambanci.

Ayyukan da suka fi dacewa

Hanyar da ta fi samun karɓuwa ita ce wadda ke sa yara su buƙaci juna. Elliot Aronson ya ƙirƙiro irinta a 1971 a birnin Austin na Texas, lokacin da aka haɗe makarantun farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko, faɗace-faɗace suka yi yawa. Ya kasa yara ƙungiyoyi na biyar ko shida masu gauraye, ya ba kowane yaro yanki ɗaya na darasi, ta yadda ba mai cin jarrabawa sai ya saurari kowa. Yaron da ake yi wa dariya saboda harshensa ya zama wanda ake lallaɓawa ya yi bayani. Ga 'yan reno, ana sauƙaƙa wannan: a shimfiɗa babbar takarda ɗaya, a ba kowane yaro fenti launi guda, a ce su zana kasuwa. Mai kore dole ya nemi mai ja in yana son tumatir.

Wata hanyar ita ce doka a filin wasa. Vivian Paley, malamar 'yan reno a makarantar Jami'ar Chicago, ta kafa doka a ajinta cewa ba a yarda wani ya ce wa wani ba zai shiga wasa ba, ta kuma ba da labarin abin a littafinta na 1992. Ba ta ɗora dokar haka kawai ba. Ta daɗe tana shawara da yaran, har da na manyan ajujuwa, suna muhawara a kan ko adalci ne a tilasta wa mutum wasa da wanda ba ya so, da kuma wa ke da wasa, wanda ya fara shi ko ajin duka. Wannan muhawarar ita ce ainihin darasin 'yanci: 'yancin mutum na zaɓen aboki yana da iyaka a wurin da yake na kowa ne.

Akwai kuma ƙananan ayyuka na yau da kullum. Idan yara biyu za su raba ƙuli-ƙuli ko biskit, ɗaya ya raba, ɗayan ya fara zaɓe. Idan za a zaɓi tatsuniyar da za a ji, kowa ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwanin da yake so, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya koyi haƙuri, wanda ya ci ya koyi cewa gobe ma rana ce. Dokokin aji kuma a tsara su tare da yara, kowa ya dangwala hannunsa da fenti a ƙasan takardar.

Faɗin gaskiyar tarihi

Wani aiki da ya yaɗu a ranar King shi ne fasa ƙwai biyu, fari da mai ruwan ƙasa, don yara su ga cikinsu ɗaya ne. Darasi ne mai sauƙi, amma bai wadatar ba, domin yana iya barin yaro da zaton cewa tunda kowa ɗaya ne, ba a taɓa zaluntar kowa ba. A wani bincike na 2007, Julie Hughes da Bigler da Sheri Levy sun karanta wa yara masu shekara shida zuwa goma sha ɗaya tarihin fitattun baƙaƙen Amurka. Yara farare da aka gaya wa irin wariyar da mutanen suka sha sun fi nuna kyakkyawan ra'ayi ga baƙaƙe, a kan waɗanda aka ɓoye musu wannan ɓangare.

Shi ya sa labarin Ruby Bridges, yarinya baƙar fata da aka kai makarantar farare, ya fi shiga zuciyar yara, don sa'arsu ce. Shekararta shida ranar 14 ga Nuwamba 1960, lokacin da jami'an tsaron tarayya huɗu suka raka ta makarantar William Frantz a New Orleans, taron mutane na yi mata ihu. Iyaye farare suka kwashe 'ya'yansu, malama Barbara Henry ta koyar da ita ita kaɗai a aji har ƙarshen shekarar karatu. Malami kan tsaya a nan ya tambayi yara: da wa Ruby take cin abinci? Me ɗan ajinta zai iya yi mata? Haka ma labarin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar mota a 1955, da ƙauracewa motocin haya na kwana 381 a Montgomery. Idan za a yi wasan kwaikwayonsa, an fi so a jera kujeru a zaunar da 'yan tsana, maimakon a sa wani yaro ya zama wanda ake kora daga kujera.

Hurumin doka

Koyar da yara haƙƙinsu ba ra'ayin malami ba ne kawai. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 20 ga Nuwamba 1989 ta hana nuna wa yaro bambanci a sashe na 2, ta ba shi damar faɗin ra'ayinsa a sashe na 12, ta kuma wajabta wa gwamnatoci sanar da manya da yara waɗannan haƙƙoƙi a sashe na 42. Ghana ce ƙasa ta farko da ta amince da ita a 1990, Nijar ta bi a shekarar, Najeriya a 1991, sannan ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. A waɗannan ƙasashe layin bambanci a aji ba launin fata ba ne, ƙabila ne, ko addini, ko naƙasa, ko ɗan mai hali da ɗan talaka, ko mace da namiji. Hanyar gyaran dai ba ta sauya ba. Malamin da ya koyar da daidaito da safe, sannan ya bar shara ga 'yan mata kaɗai, ya naɗa monita daga 'ya'yan masu kuɗi, ya rushe darasinsa da hannunsa, domin yara sun fi riƙe yadda aka tafiyar da ajinsu a kan abin da aka faɗa musu a cikinsa.