Koren Ciyawa da Lambun Hamada a Las Vegas

Shimfiɗa koren ciyawa a ƙofar gida al'ada ce da ta yi ƙarfi a Ingila, ƙasar da yayyafi ba ya yanke mata, kuma a can Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830. Amurkawa suka kai al'adar har Las Vegas, birnin da ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin santimita 10 ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga Kogin Kolorado yake zuwa, ta Tafkin Mead, wanda fari ya daɗe yana zuƙewa.

Ciyawa tana da rana, ba a ƙi ba. Tana sanyaya harabar gida, tana kwantar da ƙura, yaro kuma in ya faɗi a kanta ba ya ƙujewa. Amma ƙishinta ya yi yawa. Hukumar ruwa ta kudancin Nevada, jihar da Las Vegas yake ciki, ta ƙiyasta cewa kowace ƙafa murabba'i da aka cire wa ciyawa tana rage galan 55 a shekara, wato durom guda na ruwa saboda filin da bai kai ɗankwali ba. Shi ya sa hukumar take biyan masu gida kuɗi su tumɓuke ta. A 2021 kuma jihar ta yi dokar cire ciyawar ado a gefen titi da harabar kamfanoni, wadda ba mai taka ta sai mai yanke ta.

Lambun hamada kuwa tsakuwa ce da murtsunguwa da itatuwa masu jure fari, ga siririn bututu yana ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Ba yanka, ba feshin da iska ke kwashewa. Ni a ganina shi ya fi dacewa da yankin Las Vegas, sai dai yana da sharaɗi. Wanda ya cire ciyawa ya zuba tsakuwa zalla ya sayi zafi da kuɗinsa, domin dutse yana shan rana wuni guda, ya amayar da ita da dare. Itacen da ya saba shan ruwan ciyawa ma yakan bushe idan ba a ja masa nasa bututun ba. Saboda haka hukumar ba ta biya sai tsire-tsiren da aka dasa za su rufe aƙalla rabin filin idan sun girma.