Me ake nufi da "wat" da ke rubuce a bayan farantin sola?

A Tabla, kan hanyar Baleyara zuwa Filinge, kamar sauran garuruwan Dallol Bosso, farantin sola ya zama kayan gida: da shi ake cajin waya, da shi ake kunna fitila. Duk wanda ya juya farantin zai ga lamba da harafin W, misali 100 W. Wannan harafi shi ne "wat", ma'aunin ƙarfin wuta, kuma rashin fahimtarsa na sa mutum ya zuba kuɗinsa a kayan da ba za su biya masa buƙata ba.

Sunan na wani mutum ne, James Watt, makerin injuna da aka haifa a Sukotilan ta ƙasar Birtaniya a 1736, ya rasu a 1819. Shi ya gyara injin tururi har ya daina cin gawayi da yawa. Masu ma'adinai na lokacin da dawaki suke jawo ruwa daga rami, saboda haka tambayarsu ɗaya ce: injin nan aikin doki nawa zai yi? Sai Watt ya ƙiyasta aikin doki guda, ya mai da shi ma'auni. Daga nan aka samo "ƙarfin doki", wato CV ko HP da masu lambu ke gani a jikin injin ban-ruwa. A lissafin Faransa, doki ɗaya shi ne ƙarfin ɗaga kilo 75 sama mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, kusan wat 736. Injin mai doki 5 ke nan ya kai kusan wat 3,700.

Watt bai taɓa jin an kira ma'auni da sunansa ba. A 1882 ne injiniya William Siemens ya kawo shawarar, kuma a 1960 babban taron ma'aunai na duniya ya sa shi cikin tsarin da ƙasashe ke bi. Wat dubu shi ne kilowat, miliyan kuma megawat. Tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai megawat 30 ce.

Inda aka fi ruɗewa shi ne, wat saurin aiki yake nunawa, ba yawan wutar da aka tara ba. Kamar rijiya ne: ƙarfin zubar ruwa daban, ruwan da ya taru a randa daban. Sai an ninka wat da awanni ake sanin abin da aka samu ko aka ci, shi ya sa takardar NIGELEC ke lissafi da kWh. Faranti mai wat 100, in ya sami awa 5 na rana mai kyau, bai wuce wat-awa 500 ba. Wannan ma a takarda ne, don a ma'aunin zafi 25 ake gwada shi. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu duk suna rage masa ƙarfi.

Fitila mai wat 10 da ta yi awa 5 a kunne ta ci 50 kawai. Amma fanka mai wat 50 da ta kwana tana juyawa awa 8 ta cinye 400, kusan duk abin da farantin ya tara wuni guda. Wanda ya ƙara firji a kai, kafin asuba batirinsa ya mutu, ya koma yana zargin mai shago.