Lakwal don wa? Tunanin da ke juya aji a Magarya da Dungas

A ajin farko na lakwal, wanda ake kira CI, a ƙauyukan Wacha ko Dogo-Dogo, abin da aka fi gani shi ne mushe, wato malami, ya rubuta jimlar Faransanci a allo, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya, ya sake, su sake. Yaron da ke amsawa bai taɓa jin wannan harshe a gidansu ba, bai ji shi a kasuwa ba, bai ji shi a masallaci ba. Ana yawan ɗora laifin wannan hali kan malami, a ce bai ƙware ba ko bai damu ba. A ganina malamin yana bin wata amsa ce da aka ba shi tun kafin a haife shi, amsar tambayar da masana falsafar ilimi suka daɗe suna yi: don me ake kai yaro makaranta, kuma ta yaya yake koyo? Kowane malami yana aiki da wata amsa, ko ya taɓa furta ta ko bai taɓa ba, kuma amsar da lakwal ta gada a wannan yanki ita ce tushen yawancin matsalolin da ake kuka da su yau.

Turawan Faransa ba su kafa makaranta don kowa ya iya karatu ba. Bukatarsu ita ce 'yan tsirarun akawu da tafintoci da malamai da za su riƙe musu ofis, tun zamanin da Damagaram take babban birnin mulkinsu kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Wanda ya yi fice sosai a kai shi makarantar William Ponty a Senegal, sauran su koma gona. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Makaranta irin wannan rariya ce: aikinta tace 'yan kaɗan, kuma ba ta ganin asara in mafi yawa sun zube. Daga baya an buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa, an gina azuzuwa har cikin ƙauyukan Bande da Yekuwa da Malawa, amma tunanin tacewa bai tafi ba. Shi ya sa har yanzu ake auna malami da ko ya kammala manhajar shekara, ake auna makaranta da yawan waɗanda suka haye zuwa kwaleji. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, babu takardar da ke tambayar labarinsa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken PASEC, wanda ke gwada ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai kusan uku cikin goma. Ko da wannan ci gaban, yara bakwai cikin goma sun shafe shekara shida a kan benci ko a tabarma, sun fito ba su iya fahimtar ɗan gajeren rubutu ba. Waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne, har da makarantun Yamai a ciki, don haka babu dalilin zaton ƙauyukan kan iyaka sun fi haka. Paulo Freire, masanin ƙasar Brazil, ya soki irin koyarwar da malami ke zuba magana a kan yaro don ya dawo da ita ranar jarrabawa. A nan abin ya fi wanda ya soka muni, domin maganar da ake zubawa ma yaron bai san ma'anarta ba.

Ba sai an je Brazil ba kafin a ji wannan suka. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya nuna cewa makarantar da ta raba yaro da harshensa da aikin mutanensa ba za ta gina ƙasa ba. Kuma a wannan jiha ta Damagaram ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa a 1973, kafin a faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Abin mamaki shi ne gwajin da aka fara fiye da shekara 50 da suka wuce ya daɗe yana amsa sunan gwaji. Dalili kuwa, muddin manufar lakwal ita ce fitar da mai aikin ofis, koyar da yaro karatu da Hausa zai ci gaba da zama kamar ɓata lokaci a idon mai duba makarantu da ma uban yaron.

Akwai wata makaranta a kowace unguwa ta Magarya da ke aiki da wani tunani dabam, kuma ya dace masu boko su dube ta ba da raini ba. A makarantar allo malam ba ya cewa yau dukan yara za su shiga sura kaza don wata ya kama. Kowane almajiri yana inda ya tsaya, sai ya biya karatunsa daidai sannan ya wanke allo a ƙara masa. Babba yana biya wa ƙarami. Ba na cewa a kwafo komai daga can. Dukan da ake yi da barar da ake tura yara abin ƙi ne, kuma ita ma hadda ce ta fi yawa a farkonta. Amma ƙa'idar nan guda, cewa ba a wuce wuri sai yaro ya iya shi, ta fi ta lakwal adalci, inda ake jan aji gaba ɗaya zuwa shafi na gaba ko da rabinsu sun ɓace tun watan Nuwamba. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, ta rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, a kan wannan ƙa'ida take, kuma iyayen Dungas ba sa bukatar a yi musu dogon bayaninta.

Mai ja zai ce wannan duk zancen masu ƙoshi ne. Yaran da ke karatu a rumfar kara, waɗanda ajinsu ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu karan gero, kuma ruwan farko ya tashe su, gini suke bukata kafin falsafa. Gobarar da ta kashe yara a irin waɗannan rumfuna a Yamai a Afrilun 2021 da Maraɗi a Nuwamban 2021 ta isa hujja. Zai ƙara da batun malamai 'yan kwantiragi, waɗanda gwajin da gwamnati ta yi musu a 2017 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce a fasa gini. Sai dai hujjar tana goyon bayan abin da nake faɗa. In shekarar karatu ta taƙaita saboda girbi da damina, kuma samari suna tsallakawa Babura da Maigatari da Kano cin rani, to kowace sa'a ta aji tana da tsada, bai kamata a ƙarar da ita wajen maimaita abin da ba a fahimta ba. Malamin da Faransancinsa ke da rauni kuwa, sau da yawa Hausarsa garau take. Tilasta masa koyar da lissafi da harshen da shi ma yake tuntuɓe a cikinsa asara ce biyu. Aji na siminti da aka ci gaba da yin amshi a cikinsa zai kare yara daga wuta da ruwa, amma ba zai koya musu karatu ba.

Ja na biyu ya fi nauyi. Uba zai ce ya kai ɗansa lakwal ne don ya ji Faransanci ya samu aiki, Hausa kuwa a gida ma ana jin ta. Yana da hujja, tunda jarrabawar BEPC da ta bakaloriya da takardun ofis duk da Faransanci suke. Amsar ita ce jin harshe dabam, iya karanta shi da rubuta shi dabam. Yaro sau ɗaya yake gano cewa baƙaƙe suna wakiltar sauti, kuma ya fi saurin gano haka da kalmomin da ya sani; in ya gano, sai ya ɗauki wannan iyawa ya shiga Faransanci da ita. Tsarin makarantun harshe biyu bai taɓa cewa a bar Faransanci ba, cewa ya yi a shigo da shi da baki tun farko, a mayar da shi harshen darasi a hankali. Akwai kuma Fulani da Barebari da Buzaye a waɗannan gundumomi, kuma wanda ya yarda cewa yaro da harshen da ya sani yake koyo, dole ya yarda da haka ga ɗan rugar da bai tashi da Hausa ba. In aka mayar da Hausa sabon shingen da zai tare shi, an maimaita kuskuren da ake gudu.

Abin da zai nuna an sauya tunani shi ne tambayar da mai duba makarantu zai yi in ya sauka a wata lakwal ta Dan Ciyawo ko Guci. In ya buɗe littafin malami ya ƙirga darussan da aka yi, malami zai ci gaba da gudu da manhaja. In kuwa ya zaɓi yara goma daga ajin CP, wato aji na biyu, ya ba su layi uku na Hausa su karanta, malami zai koma kan waɗanda aka bari a baya. Kwamitocin iyaye na COGES, waɗanda ke akwai a yawancin makarantu, za su iya yin wannan gwaji da kansu a gaban mai gari sau biyu a shekara. Makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed da ke Damagaram kuma ita ce wurin da ya kamata ɗalibin malanta ya koyi rubuta Hausa bisa ƙa'ida da koyar da karatu da ita, kafin a tura shi ƙauye da alli a hannu.